Mabuɗin Ajin Bakin Tafki

Ga mabuɗi, Eusebia.
Sai kin ɗan ɗaga ƙofar kafin ta yarda ta buɗe.
Tagar gabas ba ta rufuwa, kada ki wahalar da kanki,
ta nan iskar Titikaka ke shigowa ta zauna a bencin baya,
ɗalibar da ba ta taɓa fashi ba.

Shekara talatin da ɗaya ke nan da na sauka daga motar La Paz,
akwati cike da littattafai, kai cike da kaina.
Na ɗauka yaran nan tuluna ne,
ni kuwa rijiya.

Akwai Nemesio. Wata biyar bai ce uffan ba.
Na zana masa da'ira a allo, na tsaga ta huɗu, na tsaga takwas,
ya dube ni kamar ina magana daga ƙarƙashin ruwa.
Na rubuta a rajista: ba ya ganewa.
Wata asuba na gangara sayen kifi,
na tarar da shi tsugune gaban kwale-kwalen kakansa,
kifi arba'in da bakwai, gida biyar,
kason mai taru daban,
kason tsohuwar da ba ta da mai fita ruwa daban,
yana rabo da harshen Aimara, yatsu sun ƙage don sanyi,
ko ƙwaya bai kuskure ba.
Na koma da kifina, na buɗe rajista,
na rasa gaban sunan wa kalmar ta dace.

Tun daga ranar ba na ɗora tukunya
sai na duba wutar da ke murhun.

Wara ce ta tsare ni wata Talata:
me ya sa ruwan bokiti ke daskarewa da dare,
tafki kuwa ya ƙi?
Ƙarya ta zo har bakina, ta ci ado.
Na haɗiye ta. Na ce ban sani ba.
Mako uku muna jera kwanoni a filin makaranta,
ƙarami, babba, har da ganga,
da sassafe mu bi su muna ƙwanƙwasawa da cokali.
Manhaja ta tsere mana, sufeto ya ɗaure fuska.
Tambayi kowanensu yau, da furfurarsa, zai ba ki amsa.

In kin yi tambaya, kama bakinki.
Ƙirga goma a zuci. Sake ƙirgawa.
Shirun zai yi miki ƙaiƙayi, kada ki sosa.
Hannun da ya fara tashi na mai gaggawa ne,
amsar da kike jira
tana can tana ɗaura takalmi.

Ba zan ɓoye miki Fermín ba.
Na ɗaga takardarsa gaban aji, ja-jawur da birona,
na karanta kuskurensa da murya.
Aka yi dariya. Ni ma na murmusa.
Bayan girbi bai dawo ba.
Yanzu yana tuƙa motar haya a El Alto,
in mun haɗu sai ya cire hula, ya ƙi karɓar kuɗina.
Da ma marina yake yi.

Kin ga yadda mutanen nan ke yi da dankali?
A baza shi a fili, dare ya daskarar, rana ta narkar,
a tattake, a sake bari.
Ban ce ki tattake kowa ba.
Kwana da kwanaki babu abin nuna wa baƙo,
amma zai shekara a rumbu bai ruɓe ba.
Wanda aka dafa yau, yau ake cinye shi.

Alli na cikin gwangwanin madara.
Jikar Nemesio na benci na uku, kusa da bango.
Ba ta magana.
Kafin ki rubuta komai a kanta,
gangara bakin ruwa da asuba.